Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Ake Haɗa Kibiya

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda kwari da baka suka shigo rayuwata, har suka zama abin da nake ba wa lokacina in na tashi daga aiki. Wannan makon zan jingine labarin kaina, mu yi maganar kibiyar ita kanta, domin wanda bai san yadda ake haɗa ta ba zai sha wahalar bin abin da ke tafe. Kibiyar da nake nufi ta nishaɗi ce, wadda ake harbin buhu da ita. Ba kunne (ƙayar da ke maƙale tsini a nama), ba dafi.

Sabon shiga yakan zuba wa ƙarfen kan kibiya ido, ya yi ta wasa shi har ya ɗauki ƙyalli, alhali aikin yana ga kyauro, wato karan da ake yin jikinta da shi. Haɗa kibiya ɗaya abu ne mai sauƙi. Samun guda 6 masu tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, tauri ɗaya, waɗanda in aka sake su daga baka ɗaya za su tafi wuri ɗaya, nan ne gwanintar take. Matuƙar kibau sun sha bamban, mai harbi ba zai taɓa gane ko hannunsa ne ke kuskure ko kayansa ba.

Kyauro a fadama da bakin rafi yake fitowa, kuma da rani ake yankarsa, bayan hunturu ya bi ta kansa ya koma ruwan ɗorawa. Ɗanye yana yamushewa in ya bushe, wanda kuma ya daɗe da mutuwa a tsaye ya riga ya yi fumfuna a ciki. A nemi mai kaurin milimita 8 zuwa 9, mai gaɓoɓi nesa da juna, a yanko shi da tsawon mita guda don a sami rarar da za a datse. Mai son kibau 6 ya yanko aƙalla 30, saboda mafi yawansu ba za su tsallake tantancewa ba. A zare ganyen, a ɗaure su goma-goma da igiya a wuri uku, a rataye a inuwa inda iska ke ratsawa, wata 2 zuwa 3. Rana tana tsaga su, ƙasa kuma tana gayyato gara. Duk wanda aka ga ɗan rami a jikinsa da gari-gari a bakin ramin, ƙwaro ya shiga, sai murhu.

Miƙarwa ita ke cin lokaci, kuma ita ce ba ta son gaggawa. A hura gawayi a kasko, a jira harshen wutar ya mutu, saura garwashi. A shafa wa kyauron ɗan man gyaɗa ko man kaɗe don kada ya ƙone, a kanne ido ɗaya a leƙa tsawonsa daga wannan baki zuwa wancan, ana jujjuya shi har a ga inda ya karkace. Wurin kaɗai za a gasa, kamar santimita 10 sama da garwashin, ana mirgina shi a yatsu. Idan ya yi zafin da fata ba za ta jure ba, za a ji ya yi laushi. Sai a kama da tsumma, a lanƙwasa shi ya ɗan wuce miƙe kaɗan, a riƙe a haka har ya huce, domin yakan ɗan koma baya da kansa. Tsakanin gaɓoɓi ake fara gyarawa, a bar shi ya huce sarai, sannan a dawo kan gaɓoɓin. In aka haɗa su lokaci guda, zafin wannan yana warware gyaran wancan. Gaɓa kuma ba ta da haƙuri: a matsa mata da yawa, sai a ji ƙas. Wurin da ya yi baƙi ya ƙone ke nan, ƙarfinsa ya tafi ko da ido bai ga tsaga ba. Bayan kwana biyu a sake dubawa, a sake gasawa in da buƙata. Ƙullin gaɓa a ɗan goge shi da magagari ko samfefa don kada ya karci hannu, amma kada a kankare santsin bayan kyauron, ƙarfinsa a nan yake, cikinsa totuwa ce kawai.

Tsawo kuwa jikin mai harbi ne ke faɗarsa. Ya ɗora doguwar sanda a baka, ya ja tsarkiya zuwa inda ya saba tsayar da hannu, wani ya yi masa alama daidai gaban bakan, a ƙara santimita 3. Wannan ƙarin kariya ce: gajeriyar kibiya tana iya zamewa ta faɗo bayan baka, ta soki hannun da ke riƙe da shi.

Yanzu tauri. Lokacin da aka saki tsarkiya, kibiya tana lanƙwashewa kafin ta bar baka, ta kewaye mariƙinsa tana karkarwa, sannan ta miƙe a iska. Don haka dole taurinta ya dace da ƙarfin bakan. Gwajin da masu kibiyar itace suka daidaita a kai yana da sauƙin yi a gida. A kafa ƙusa biyu a bango, tazarar santimita 66, a ɗora kyauron a kai, a rataya nauyin giram 900 a tsakiyarsa (gorar roba da aka zuba wa ruwa aka auna ta isa), a duba da rula nawa ya sauka. Bakan da ƙarfin jansa ya kai kilo 18 yana son wanda ya sauka kusan santimita 1.6, mai kilo 13 zuwa 14 kuma kusan 2.2. Ƙarfin baka ana saninsa ne da ma'aunin rataye: a maƙala ƙugiyarsa a tsarkiya, a ja zuwa tsawon jan mai shi, a karanta. A riƙa juya kyauron a kan ƙusoshin ana sake aunawa, don kowane kara yana da gefen da ya fi tauri. A yi wa gefen alama da fensir, shi ne zai jingina da baka, kuma a kiyaye hakan a duk kibau. Ga mai jan tsarkiya da hannun dama, wanda ke ɗora kibiya a hagun baka, mai tauri da yawa takan kauce hagu, mai laushi da yawa ta kauce dama. Mai laushin ita ce abin tsoro, don tana iya karyewa a lokacin saki.

Waɗanda taurinsu ya zo ɗaya a ware su, a ɗora kowanne a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. Bambancin giram 1 ba laifi. Ya kai 3, ba abokan tafiya ba ne.

Bakin da ya fi kauri shi ne gaba. A siririn bakin ake yanka tsagar da tsarkiya za ta zauna, kuma a shirya datsewar yadda gaɓa za ta kasance kamar santimita 1 a gaban tsagar, ita ce za ta tare ta kada ta zarce. Zurfin tsagar milimita 6 zuwa 8, faɗinta daidai kaurin tsarkiya: ta kama ba tare da ta matse ba. Guntun zarton ƙarfe ya fi wuƙa tsafta a wannan yankan. Nan take a naɗe ƙarƙashinta da jijiya ko zare.

Kan kibiya aikin maƙeri ne. Ƙusa mai inci 4, in aka cire hularta, tana ba da kai mai giram 10 zuwa 12. A roƙi maƙerin abu uku: tsini mai santsi marar kunne, wutsiya mai kusurwa huɗu ta santimita 5 zuwa 6 wadda ke sirancewa zuwa ƙarshe, da 'yar kafaɗa tsakanin kan da wutsiyar. Kusurwoyin suna hana ƙarfen juyawa a ciki. Kafaɗar kuma ita ke zama a bakin kyauro, in babu ita duk harbi ƙarfen na ƙara nutsewa har ya fasa karan. A kai masa ƙusoshin gaba ɗaya, a tsaya a auna su a gabansa.

Kafin wutsiya ta shiga, a fara naɗe bakin kyauron, a tsawon da wutsiyar za ta kai. Wanda ya soka ƙarfe sannan ya naɗe ya makara, karan ya riga ya buɗe. Naɗin gargajiya jijiyar agara ce ta saniya ko akuya: a busar da ita, a daddaka a kan dutse har ta warware zare-zare, a jiƙa, a naɗa tana da danshi. Tana bushewa tana tsukewa, ta kama karan gam ba tare da ƙulli ba. Aibinta ɗaya, damina na sassauta ta, shi ya sa ake bin ta da kakin zuma. Zaren nailan da aka ɗiga wa Super Glue ma yana yi, kuma bai damu da ruwa ba, sai dai ni na fi son jijiya, don ita ke ƙara matsewa da kanta. Daga nan a buɗe hanya a totuwar da basilla, a shafa wa wutsiyar Araldite ko narkakken ƙaro, a tura a hankali. Kafin ya daskare a tsayar da kibiyar a kan tsininta a tafin hannu ko a kan katako, a murza ta. In ta yi rawa, kan ya karkace, a gyara tun da sauran lokaci.

Kibiyarmu ta gado ba ta da gashi, kuma ba gazawa ba ce. 'Yan bakan Shehu Usman Ɗanfodiyo ne suka tsaya wa dawakin Gobir a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804. Abin da ke miƙar da irin wannan kibiya nauyin gaba ne. A ɗora ta a kan yatsa a nemi inda ta daidaita: a kibiya mai santimita 70, wurin ya wuce tsakiya zuwa gaba da aƙalla santimita 8 zuwa 10. Idan gindinta na wutsil-wutsil a iska, kan ya yi sauƙi ko karan bai dace da bakan ba. Mai son harbi daga nesa yana iya ƙara gashi uku na talotalo, kowanne santimita 10, a tsaga su ta tsakiyar ƙashi, a jera su da tazara ɗaya kewaye da gindin, a bar wurin yatsu kamar santimita 3. Duka ukun su fito daga fiffike ɗaya, dama ko hagu, don kowane ɓangare da inda yake murɗa iska. A naɗe bakin gaban gashin da zare sosai, in ba haka ba ƙashinsa na shiga fatar hannu.

Gamammiyar kibiya ga baka mai kilo 18 ta kai giram 25 zuwa 30. Wadda ta gaza haka da yawa ba ta ɗauke ƙarfin bakan, sai ya koma kan itacen da tsarkiya. A rubuta wa kowacce lamba kusa da gindi, a gwada su daga taku 10 a buhun da aka cusa wa tsummoki, bango a bayansa, ba yaro ba dabba a kusa. Lambar da kullum ke ware kanta daga sauran, a fitar da ita. Kuma kafin kowane harbi a ɗan tanƙwara kibiyar kusa da kunne ana juya ta. In aka ji ƙaramar ƙara, a karya ta biyu nan take, a cire ƙarfen a ajiye don wani karan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarin daga inda muka tsaya, tare da bayanin murɗa tsarkiya da ɗinkin kwari.