Tahiyata Maradi da gwangwanin tsoffin kwabbai na kawu

Daga Tasawa na shiga mota da sassafe, muka bi ta Gazawa, Agye da Cadawa, kamin azahar muna Maradi, ranar Litinin ce kuma kun san ranar kasuwa ce, gari ya cika maƙil sai da mai kabu-kabu ya yi ta kutsawa da ni cikin lunguna kamin mu kai Bagalam gidan kawuna.

Abin da ya kai ni gwangwani ne guda na madara da kawu ya gada wajen kakanmu, wanda ya yi fataucin gyaɗa tsakanin Maradi da Kano tun zamanin Turawa. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma ya zazzage shi, ga anini, ga sisi, ga kwabo mai huji da tauraro mai tsini shidda a baya, wasu sun yi kore saboda daɗewa. Ya ce mini wani maƙeri ya taya su da awo wai zai narke, na ce kawu don Allah dakata tukuna.

Dalilina shi ne a cikin kwabban nan na Ingila da aka bugo ma Afirka ta Yamma akwai waɗanda aka yi kuskure wajen bugu, kuma su ne masu tara tsoffin kuɗɗi suke nema ido rufe. Kowane kwabo da hatimi biyu ake buga shi, na gaba da na baya, to wani lokaci ma'aikaci sai ya haɗa hatimin da ba su dace ba. Akwai kwabon 1956 mai ɗauke da sunan Sarki George na shidda alhali shi ya rasu tun 1952, akwai kuma na 1945 mai sunan Edward na takwas wanda ya sauka daga sarauta tun 1936, wannan kam samunsa sai an tona. Ƙaramin harafin H da ke jiki alamar masana'antar Heaton ce ta Birmingham. A Amurka ma kwabon santi guda na 1943 da aka buga da jan ƙarfe bisa kuskure an saida shi dalar Amurka miliyan 1.7 a 2010.

Haka muka zauna da fitilar salula muna duba shekara muna duba suna ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba, idon kawu ya gaji ni nake karantowa shi yana warewa. Na Edward ɗin da muka samu na 1936 ne, wato lafiyayyen bugu, waɗannan suna da yawa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sai wata dala biyar ta sefa da bugunta ya goce gefe, rubutun ya yanke, wani ɓangaren fili fetal, ita na naɗe a takarda daban.

Matar kawu ta ɗauko toka da lemun tsami za ta wanke su, na roƙe ta ta bari, domin da zarar an goge kwabo ya yi ƙyalli darajarsa ta faɗi wajen masu saye. Wallahi yana mini ciwo yadda irin waɗannan gwangwanaye suke ƙarewa a wutar maƙera ba wanda ya duba.

Washegari kamin in kama hanya na ɗauki hoton kowane gaba da baya, kawu kuma ya aika ma maƙerin cewa ya fasa saidawa.