In mace ta haihu a sararin samaniya fa?

Jiya da daddare ina shayar da jaririyata sai tunanin nan ya faɗo min, wai in naƙuda ta kama mace a tashar sararin samaniya ya za ta yi? Na tuna ranar tawa naƙudar, nas ta ce min "tashi ki taka 'yar uwa, kan yaro ya sauko", na dinga zagaye ina riƙe da ƙarfen gado har ya sauko ɗin. To can sama babu nauyin da zai ja shi ƙasa, jini da ruwa ma ba sa zuba, dunƙulewa suke suna yawo a iska.

Har yau ba wadda ta taɓa haihuwa a can. Valentina Tereshkova, mace ta farko da ta je sararin samaniya, ta je a 1963, sai 1964 ta haifi 'yarta a nan ƙasa. Wasu ƙananan kifaye da ake kira medaka dai sun yi ƙwai har suka ƙyanƙyashe a kumbon Columbia a 1994.

Ni ƙashi ne ya fi damuna wallahi, 'yan sama jannati suna rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa duk wata, ga jariri yana jan kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga jikin uwa, ga radiyeshon, wato haske mai cutarwa da ido ba ya gani, da ke ratsa kumbon dare da rana.