Tafiyarmu zuwa Akosombo

Ranar Asabar da ta wuce ni da abokaina na unguwar Nima da ke Akra, babban birnin Ghana, muka yi shatar trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Akosombo, garin da ke kwance tsakanin duwatsu a bakin kogin Volta, kimanin kilomita 100 daga Akra. Hanya ba ta da labari, in ban da gwaggon biri da muka tarar zaune a gefen titi wajen Shai Hills suna jiran a jefa musu ayaba.

A Atimpoku, dab da gadar Adomi wadda aka buɗe a 1957, direba bai gama taka birki ba sai da masu talla suka yanyame motar, kowacce da farantinta a ka, ga abolo, wato turararren ƙullun masara, mai ɗumi a naɗe cikin ganye, ga jatan lande, ga soyayyun ƙananan kifi da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Abincin ya yi daɗi, amma da zarar sun gane daga Akra ka fito sai kuɗi ya ninka, kuma ba su rage ba sai da wata Hajiya cikinmu ta yi musu ciniki da Twi.

Kwalekwale ne ya fi tsaya mini a rai. Matuƙin ya ƙi motsawa sai da kowa ya ɗaura rigar kariya, sannan ya tuƙa mu har ƙarƙashin gadar, inda muka ɗaga kai muna kallon bakan ƙarfen da ke riƙe da ita, motoci na wucewa ta samanmu. Ruwan kore ne, mai sanyi, ba leda ba wari, abin da yaron da ya tashi kusa da babban gwatan Nima ba zai yarda akwai shi a ƙasar nan ba. Daga nan muka hau muka hango madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965 zamanin Nkrumah, wadda ta tayar da mutane wajen 80,000 daga gidajensu domin mu sami wutar da muke zagi idan an ɗauke ta.

Da azahar ta yi, wani mai gadi a wani wurin shaƙatawa ya daka mana tsawa don mun shimfiɗa darduma a kan ciyawa, alhali kuɗin shiga da suka karɓa ya isa cefanen yini. Wani dattijo mai tsire ne ya yafito mu, ya ce, "'Ya'yana, ku zo bayan rumfata." Ya ba mu buta da tabarma, muka ce, "Baba, a yanka mana na sidi hamsin," ya yanka har da gyara mai yawa.

Hawan dutsen da muka shirya bai yi nisa ba, domin rana ta yi zafi kuma yawancinmu silifa ne a ƙafa. Cunkoson motoci a Ashaiman ya sa ba mu shiga Nima ba sai bayan isha'i.