Yadda muke fitar da jirgi tudu a kan jakar iska

Babu teku a Sakkwato, amma akwai ruwa, kuma akwai mutanen da in damina ta kankama ba su da hanyar kasuwa ko gona sai ta kansa. Gulbin Rima ya biyo ta Goronyo da Wurno ya haɗu da Gulbin Sakkwato daf da birni, sannan ruwan ya wuce Wamakko ya nufi Argungu. Ga kuma madatsar Goronyo da aka kammala a 1984. A kan wannan ruwa nake cin abinci. Asalina mai walda ne, ƙofofi da tankuna, daga baya aikin jiragen ƙarfe ya janye ni: na fito, da na ɗaukar yashi, da faffaɗan nan da ake lodin babura da buhuna.

Ciwon jirgi a ƙasansa yake. Mai shi zai shafe sama da fenti yana ƙyalli, alhali farantin da ke cikin ruwa tsatsa na cinsa a hankali. Kayan waldarmu ba sa aiki a ruwa, dole sai an fito da shi. Kwale-kwalen katako samari ne ke janyo shi da hannu, amma jirgin ƙarfe mai tan goma ya wuce nan. A da gungume ake jerawa a ɗaura wa tarakta ta fizga. Faranti ya lotsa, ɗinkin walda ya buɗe, an zo toshe rami ɗaya an koma da uku.

Jakar iska ce ta raba mu da wannan. Dabarar 'yan Sin ce: a 1981 wata ma'aikata a birnin Jinan, lardin Shandong, ta fara tura jirgi mai ɗaukar tan 60 cikin ruwa a kanta, yau kuwa jiragen dubban tan ake hawarwa da saukarwa haka. Doguwar roba ce mulmulalliya mai tsini a kai da gindi, an yi ta hawa-hawa da irin zaren da ke cikin tayar mota, a bakinta akwai wurin hura iska da agogon awo. Namu ƙanana ne, kaurin mita ɗaya, ta Legas suke shigowa.

Abin da ya fi cin lokaci shara ne. Kafin a warware jaka ko ɗaya, yarana sukan bi gaɓa a tsugune suna tsince ƙaya, ƙusa, fasasshiyar kwalba, guntun rodi. Ni kuma in shafa gefen jirgin da hannu, duk inda walda ta bar kaifi a goge shi. A nan ne masu jirgi ke ƙosawa. Wani dattijo cikin masu fito ya taɓa ce mini, "Malam, jirgi na kawo maka ko share gari?" Na ce, "Baba, yi haƙuri, ƙaya ɗaya ta isa ta kwantar da jirginka a kan ƙafar yaron nan." Ya nemi inuwa ya zauna.

Daga nan a kafa winci, wato injin jan igiya, a tudu, a binne masa turke mai ƙarfi, a ɗaura igiyar ƙarfe a goshin jirgi. Jakar farko a saɓe ake cusa ta ƙarƙashi, sannan a kunna kwampireso, injin hura iska. Za ka ji robar tana miƙewa, laka na sakin ƙarfe, goshin ya ɗago a hankali ruwa na tsiyaya daga gare shi. Winci ya ja kaɗan, a sa ta biyu, a sa ta uku. Wadda ta fita ta baya a sace iskarta, a ɗauko ta a mayar gaba. Saboda jaka na baje nauyi, ko yashi mai laushi ba ya nutsar da ita. Ba mai tsayawa a layin igiya, ba mai shiga ƙarƙashi sai an jera katakai an sauke jirgin a kansu. Walda kusa da roba kuwa, ko da wasa.

Sai zafin garinmu. A Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, iskar da ka hura da safe takan kumbura kafin azahar, allurar agogo ta yi ta hawa ba wanda ya taɓa ta. Shi ya sa bayan asuba muke ja, ko bayan la'asar. In an gama a wanke jaka, a shanya a inuwa, a naɗe nesa da man inji.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin jirage ba sa zuwa sai sun fara shan ruwa, a tsakiyar damina, bayan an yi ta kwashe ruwa da roba alhali mata da yara na zaune a ciki. Rani ne lokacin wannan aiki, ruwa ya ja baya, gaɓa ta bushe, fito ya yi sauƙi. Na sha roƙon sarakunan ruwa su haɗa jiragen yankinsu mu zo da kaya mu duba su a jere, kuɗin ɗauko kaya ya rabu a tsakaninsu.

In jirgi ya hau katako, guduma nake bi da ita taki-taki. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, wanda tsatsa ta cinye sai ka ji shi dum. Ba na ɗora faci a kan faci. In farantin ya mutu a sauya shi, in mai shi ba shi da hali a lokacin, jirgin ya zauna a wurina har ya samu, ba na karɓar ko kwabo na ajiya.