Kwalbar Fah Talai Jone da aka kawo mini daga Bankok

Wani abokin kasuwancina da ke zuwa Bankok sarin kaya ya dawo da tsaraba, ƴar kwalba koriya cike da kafso, rubutun jikinta duk da harshen Tailan ba abin da na gane sai lambobi. Ya ce wai da mura ta taso in haɗiyi biyu, can kowa shi yake sha. Ni kuma da shegen son bin ƙwaƙƙwafi sai na fasa ɗaya na ɗanɗana garin, wallahi maɗaci ƙarya yake yi, sai da na kuskure baki sau uku ɗacin yana nan.

Sunan ganyen Fah Talai Jone, masana tsirrai suna ce masa Andrographis paniculata. Ba maganin bakin tasha ba ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na gwamnatin Tailan, likita a asibiti yana rubuta shi don mura da ciwon maƙogwaro, kuma binciken da aka yi a kan mura ya nuna yana ɗan rage tari da kaikayin wuya. A 2021 da korona ta matsa musu gwamnati ta amince a ba masu ƙaramin ciwo miligiram 180 na sinadarinsa andrographolide a rana, kwana 5 kacal, har a gidajen yari aka riƙa noma shi. Sai dai binciken farko a kan amfaninsa ga korona da aka yi ta yaɗawa, masu shi da kansu suka janye shi a shekarar saboda kuskuren lissafi. Ko a can ɗin ana hana mai ciki da mai ciwon hanta sha, kuma mai shan maganin hawan jini ko na tsinka jini sai ya ji ta bakin likita. Abokina duk bai san wannan ba, shi dai biyu-biyu yake watsawa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai labarin khi lek ne. Bishiya ce dangin tafasa da rai-ɗore, mutanen Tailan sun daɗe suna miya da ganyenta da furenta, kuma kowace tsohuwa a can ta san sai an tafasa an zubar da ruwan, a sake tafasawa a sake zubarwa kafin a zuba madarar kwakwa, don a kashe ɗacin. An lura yana sa barci, to sai aka ce me zai hana a busar a daka a ɗura a kafso a sayar wa masu rashin barci. Ai kuwa aka yi, mutane suka riƙa sha kullum wata da watanni, sai ga su a asibiti ido ya yi rawaya hanta ta kumbura, dole hukuma ta janye kafson daga kasuwa. Miyar kuwa har gobe ana shanta lafiya lau. Ashe wannan ruwan da tsofaffi ke zubarwa yana tafiya da kaso mai yawa na sinadarin barakol da ke cikin ganyen, wanda ake zargin shi ke taɓa hanta, masu kafso kuma suka tsallake wannan matakin.

Na shafawa ba ni da fargaba sosai a kansu, irin man plai (wani ɗan'uwan citta) da ƙunshin ganye mai zafi da ake gasa jiki da shi bayan tausa. Wanda nake tsoro shi ne ƙulle-ƙullen baƙin magani marar rajista, hukumomin can sun sha kama su da sitiroyid (maganin asibiti mai ƙarfi da ke kashe kumburi da ciwo) a ciki, mutum ya ji ciwon gwiwa ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, bayan wata uku fuska ta kumbura suntum.

Kwalbar dai tana kan firij ban taɓa ba tukuna. Na tura wa ƙanwata da ke aikin famasi hotonta, ta ce Yaya kar ka sha sai na duba lambar rajistar, kuma ka tuna kana kan maganin hawan jini.