Ƙwayoyin mugunya a takardar gwaji da aikin fararen ƙwayoyin jini a jikin mace

Kwanakin baya ƙanwata ta turo min hoton takardar gwajin fitsari da ta yi a wani ɗakin gwaji na unguwa, hankalinta a tashe, saboda an rubuta mata cewa an ga ƙwayoyin mugunya, waɗanda masu gwaji ke kira pus cells da Turanci. Kafin ta kira ni har ta biya ta kemis an haɗa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku, an ce mata sanyi ne ya yi mata yawa. Tambayar da na fara yi mata ita ce ko ta san cewa abin da aka gani ɗin daga jikinta ya fito, domin ƙwayoyin mugunya ba wani abu ba ne illa fararen ƙwayoyin jini da suka bar jijiya suka tafi inda jiki ya kira su. Ba ta sani ba, kuma na lura mata da yawa ba su sani ba.

Jinin baligi mai lafiya yana ɗauke da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikirolita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Mafi yawansu nutrofil ne, waɗanda ke fara isa wurin da cuta ta shiga, su haɗiye ƙwayoyin cutar, su mutu a wurin, kuma gawarwakinsu ne ke taruwa su zama mugunya. Akwai makrofaj masu share duk abin da ya mutu ko ya lalace, akwai kuma limfosayit masu riƙe tarihin cututtukan da jiki ya taɓa gamuwa da su. Ganinsu a fitsari ko a ruwan gaba yana nuna cewa jiki yana mayar da martani ga wani abu, amma ba ya faɗin ko mene ne abin. Idan ba a tsaftace gaba kafin ɗibar fitsari ba, ko aka tari farkon fitsarin maimakon tsakiyarsa, ƙwayoyin da ke cikin ruwan gaba na yau da kullum suna iya faɗawa cikin kwalbar. Haka nan akwai cutar da ke sa ruwan gaba ya yi ƙarni idan ƙwayoyin laktobasilus masu tsare wurin suka ragu, kuma a cikinta sau da yawa ba a ganin fararen ƙwayoyi da yawa, alhali mace tana buƙatar magani. Saboda haka yawansu ba hujjar cuta ba ne kai tsaye, ƙarancinsu kuma ba shaidar lafiya ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zurfafa karatu shi ne yadda mahaifa ke amfani da waɗannan ƙwayoyi ko da babu wata cuta. A ƙarshen kowane wata, idan ciki bai shiga ba, sinadarin furojestaron yana sauka, sai fararen ƙwayoyi su kwarara cikin shimfiɗar mahaifa, su saki sinadaran da ke narkar da ita, jinin al'ada ya zubo, sannan makrofaj su taimaka wurin ya warke ba tare da tabo ba, wata bayan wata, tsawon shekaru talatin ko fiye. Fitar ƙwai daga ma'ajiyarsa ma da hannunsu a ciki.

Lamarin juna biyu ya fi wannan zurfi. A 1953 masanin kimiyyar nan na Birtaniya Peter Medawar, wanda ya samu kyautar Nobel a 1960 kan binciken dashen sassan jiki, ya yi tambayar da har yau ake bincike a kanta: tunda rabin halittar ɗan tayi daga uba ya fito, me ya hana garkuwar jikin uwa ta ƙi shi kamar yadda take ƙin ƙodar da aka dasa daga wani mutum? Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa garkuwar uwa ba barci take yi ba, aiki ne ya canza mata. A watanni uku na farko, kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke shimfiɗar mahaifa wani nau'i ne da ake kira ƙwayoyin NK, waɗanda a cikin jini aikinsu kashe ƙwayoyin jiki ne da suka kamu da bairos ko suka fara zama kansa, amma a mahaifa suna taimakon mabiyiya ta kafu, suna kuma taimakawa wajen faɗaɗa ƙananan jijiyoyin da za su ciyar da jariri. Idan wannan faɗaɗawa ba ta kammala ba, ana danganta hakan da hawan jinin masu ciki wanda ke iya kaiwa ga jijjiga, cutar da ta ci rayukan mata masu yawa a ƙasar Hausa. Mai ciki kuma adadin fararen ƙwayoyin jininta yana ƙaruwa da kansa, yana iya kaiwa 15,000, a lokacin naƙuda har ya haura 20,000, don haka bai kamata a auna takardarta da ma'aunin wadda ba ta da ciki ba. Sai dai mai ciki ita ce ake ba magani idan aka shuka fitsarinta, wato aka ajiye shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro, aka kuma same su, ko da ba ta jin komai, domin cutar tana iya hawa ƙoda ko ta jawo haihuwa kafin lokaci.

Akwai kuma inda aikin nasu ke zama ɓarna. Idan gonoriya ko kilamidiya, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, suka wuce bakin mahaifa suka hau bututun ƙwai, fararen ƙwayoyi suna cika wurin, kuma yaƙin da suke yi yana lalata siraran gashin da ke tura ƙwai, ya bar tabon da ke toshe bututun. Binciken da Lars Weström ya jagoranta a birnin Lund na Suwidin ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na matan da suka yi wannan ciwo sau ɗaya sun rasa haihuwa saboda toshewar bututu, kusan kashi 20 bayan karo na biyu, kashi 40 bayan karo uku ko fiye. Kilamidiya sau da yawa ba ta nuna wata alama, kuma idan aka yi wa mace magani aka bar mijinta, cutar dawowa take yi. Wannan ne ya sa nake jin takaicin yadda kalmar sanyi ta haɗiye cututtuka biyar ko shida a bakinmu, kowacce da sababinta da maganinta, ana ta ɗora wa mace laifin banɗaki.

Cutar endometiriyosis, inda tsoka irin ta shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato mata miliyan 190, ita ma tana da alaƙa da wannan. Tun 1927 likita John Sampson na Amurka ya bayyana cewa wani ɓangare na jinin al'ada yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki. Hakan yana faruwa ga mafi yawan mata, kuma makrofaj da ƙwayoyin NK suna share shi. A jikin masu wannan cuta sharar ba ta kammala, har makrofaj ɗin su koma sakin sinadaran da ke taimaka wa tsokar ta manne, ta yi jijiyoyi, ta riƙa haddasa matsanancin ciwon mara duk wata. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ta, amma mata nawa ne ake ta ɗura wa shi shekara da shekaru da sunan sanyi?

Bakin mahaifa ma garkuwa ce ke tsaronsa. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu kamuwa da bairos ɗin HPV, wanda ke jawo kansar bakin mahaifa, jikinsu yana kawar da shi cikin shekaru biyu, amma mace mai ɗauke da ƙanjamau, cutar da ke kashe limfosayit nau'in CD4, haɗarin kansar bakin mahaifa a wurinta ya ninka sau shida. Kumburin gaba kowane iri yana tara waɗannan ƙwayoyi na CD4 a wurin, wato yana buɗe wa ƙanjamau ƙofa, shi ya sa matsin da ake yi da alif da sauran haɗe-haɗe, da wanke cikin gaba da sabulu, ba ƙaramar kasada ba ce.

Ƙanwata dai ta ajiye magungunan kemis, ta ga likita, aka sake ɗibar tsakiyar fitsarinta bayan ta yi tsarki da ruwa zalla, aka shuka shi kwana biyu. Babu abin da ya tsiro. Ƙaiƙayin da ya kai ta gwajin tun farko kandida ce, wato yis ɗin da ke yawaita a gaba, cutar da irin magungunan da aka haɗa mata suke ƙara wa ƙarfi.