Abin da Riƙon Kuɗin Ikilisiya Ya Koya Mini

Aikin ma'aji a ikilisiya ba kowa ke so a ɗora masa ba. Babu albashi, ranar Lahadi kai ne na ƙarshen tafiya gida, kuma in ka ɗinka sabuwar riga sai wani ya ƙara dubanka. Duk da haka, babu inda na fahimci aminci kamar ƙaramin ɗakin nan na bayan majami'a, inda muke zazzage kwandon baiko a kan tebur bayan an tashi sujada.

Ƙa'idarmu ita ce mutum ɗaya ba ya ƙirga kuɗi. Ma'aji, sakataren kuɗi da dattijo guda su zauna tare, a ware baiko dabam, zakka dabam, na gini da na bishara dabam, kowa ya sa hannu, washegari a kai banki. Akwai masu jin haushin wannan tsari, ka ji mutum ya ce, "Ashe ba ku yarda da ni ba?" Nakan tuna musu da Manzo Bulus. Lokacin da ake tattara gudummawa domin 'yan'uwa matalauta na Urushalima, bai yarda kuɗin ya zauna a hannunsa shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗayansu ikilisiyoyi ne da kansu suka zaɓa, domin kada kowa ya sami abin zargi. In Bulus ya nemi shaidu, wa ya fi ƙarfinsu? A ɗaya gefen kuma ga Yahuza. Yahaya 12:6 ta ce shi ke riƙe da jakar kuɗi, yana kuma ɗiba daga ciki. Yana cin abinci da Yesu, yana jin koyarwarsa kullum, amma hakan bai tsare hannunsa ba.

Abin da na lura shi ne, ma'aji ba ya faɗuwa da niyyar sata. Da aro ake farawa. Kuɗin makarantar yaro ya matso, albashi ya yi jinkiri, ga kuɗin gini kwance ba za a taɓa shi ba sai bayan damina. Zuciya ta ce ɗauki kaɗan, ƙarshen wata ka mayar. Daga ranar da aka ɗauki naira dubu biyar ba tare da an rubuta ba, an riga an buɗe ƙofar. Shi ya sa Luka 16:10 ta ɗora maganar a kan ƙaramin abu.

Darasin da ya fi nauyi ya zo ne a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Kwandon baiko ya koma kusan fanko, mutane suka fara turo nasu ta waya zuwa asusun ikilisiya, da yawa kuma ba su koma wa tsohuwar hanya ba. Kwando ba ya faɗin sunan kowa, amma takardar banki tana faɗa. Yanzu ma'aji ya san wa ya ba da nawa. Ya san ɗan kasuwar da ke turo dubu ɗari, ya san dattijon da muryarsa ta fi ta kowa a taro amma sunansa bai taɓa fitowa ba, ya san gwauruwar da ke turo ɗari biyu kowane mako. A nan jaraba ke sauya kama. Ba a taɓa ko kwabo ba, amma gaisuwa tana iya sauyawa. Wannan a ce masa "ranka ya daɗe" a nemo masa kujerar gaba, wancan a wuce shi da "sannu" ɗaya. Yakubu 2:1-4 ta kira wannan tara, wato nuna bambanci, ta kuma ce masu yinsa alƙalai ne masu mugun tunani. Babu mai binciken kuɗi da zai gano wannan laifi, ko daga ina aka turo shi, domin lissafi ya cika daidai.

Ta haka na gane cewa tsabtar littafi dabam, tsarkin zuciya dabam. Hananiya da Safiratu, miji da matan da suka sayar da gona suka kawo wa manzanni wani kashi na kuɗin, ba su saci kuɗin kowa ba. Gonar tasu ce, Bitrus ma ya faɗa wa Hananiya cewa kuɗin yana ƙarƙashin ikonsa. Abin da suka nema shi ne sunan masu ba da duka, alhali sun ɓoye wani kashi. Shi ya sa addu'ar Dawuda a Zabura 51:10, ta neman zuciya mai tsabta, ta zama tawa kafin in buɗe takardar banki. Abin da na gani a ciki kuma ba na kai shi gida, ko uwar 'ya'yana ba ta jinsa.

Game da shiri kuwa, masu bincike kan aiko da ranar zuwansu, amma Ubangiji ya ce zai zo a sa'ar da ba a zata ba. A yankunanmu, inda ake kwana da fargabar hari, ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba. Rabaran Lawan Andimi na Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, 'yan Boko Haram suka kama shi a watan Janairun 2020, suka kashe shi a cikin watan. A bidiyon da suka fitar, ya yi magana cikin natsuwa, ya miƙa lamarinsa ga nufin Allah. Ban yarda cewa a hannun masu bindiga ya koyi wannan natsuwa ba. Da ita ya shiga.

Kada dai a yi mini mummunar fahimta. Cikakken lissafi ba ya sayen rai madawwami. Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan ƙofa: ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Amma wanda aka fanshe shi da jinin Almasihu ba zai so ranar ta iske shi da abin ɓoyewa ba. Saboda haka ba na barin rasit ya kwana ba a shigar da shi ba, mataimakina kuma ya san inda kowace takarda take, ta yadda in ban wayi gari ba, iyalina ba za su gaji tambayoyi ba. Idan kuma na tuna akwai ɗan'uwan da ke riƙe da ni a zuciya, nakan bi Matiyu 5:23-24, in neme shi mu shirya tun ranar Asabar, kafin in kai nawa baikon.